Daren da Teku Ya Hau Tudu: Labarin Guguwar Bola ta 1970

In aka ce guguwa, abin da ke zo mana a rai shi ne iskar nan ta bazara mai juyawa, wadda ke tashi a fili da rana tsaka, ta kwashi ƙura da kara da tsumma ta yi sama da su, ta mutu kafin mutum ya gama a'uziyya. Ko kuwa iskar da ke gaban hadari a farkon damina, mai yaye jinka da kwano, mai kayar da danga. Waɗannan mun san su, mun san ɓarnarsu. To, akwai wata guguwa da ba ta zuwa ƙasarmu, domin a cikin teku ake haihuwarta, mu kuwa tsakaninmu da teku akwai tafiya mai nisa. Ita ce kuke ji a rediyo ana kira siklon. Mutanen Amurka suna ce mata harikan, na Japan da Filipin suna ce mata taifun. Suna ne ya bambanta, abin ɗaya ne.

A daren 12 ga Nuwamba 1970, wayewar 13, irin wannan guguwa ta faɗa wa bakin tekun ƙasar da a yau ake kira Bangaladash. Ta kashe mutum aƙalla 300,000, wasu masu ƙidaya sun ce 500,000. A cikin dukan guguwoyin teku da aka rubuta labarinsu, babu wadda ta kai ta kisa. Shekara 37 bayan haka, a Nuwamba 2007, wata guguwa mai suna Sidir ta faɗa wa ƙasar nan. Iskarta ba ta kasa ta 1970 ƙarfi ba, mutanen ƙasar kuma sun ninka yawa. Amma waɗanda gwamnati ta ƙidaya sun mutu ba su kai 4,000 ba. Me ya kawo wannan bambanci? Kafin mu samu amsa, sai mun san yadda abin yake, da kuma mene ne a cikinsa ke kisa.

Yadda ake haihuwarta

Abincin guguwar teku shi ne ruwa mai ɗumi. Sai zafin ruwan teku ya kai digiri 26 ko 27 take iya tashi. Rana ta dafa ruwa, tururi ya tashi sama, ya huce ya zama gajimare. Sa'ad da tururi ke komawa ruwa, yana sakin zafin da ya ɗauko, zafin nan ya ƙara tura iska sama. Iskar da ta tashi ta bar gurbi a ƙasa, sai iska ta kwararo daga ko'ina don ta cike gurbin, ita ma ɗauke da tururi. Juyawar da duniya ke yi ita ke karkata wannan iska, ta hana ta tafiya kai tsaye, sai ta shiga kewaye kamar ruwan da ake damawa cikin ƙwarya. In gudunta ya kai kilomita 119 a awa, ta cika guguwa ke nan.

Kada ku kwatanta ta da tamu wajen girma. Faɗinta yakan kai kilomita 500 ko fiye, wato ta iya rufe abin da ke tsakanin Damagaram da Tawa gaba ɗaya. A tsakiyarta akwai wani fili da ake kira ido, faɗinsa kamar daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji. Cikin idon nan babu iska, babu ruwa, har akan ga taurari. Mutane da yawa sun halaka saboda shi: sun ga wuri ya yi tsit, sun fito duba ɓarna, sai iska ta komo musu daga ɗaya gefen da ƙarfinta na farko.

Ƙarfin iskar ba abin wasa ba ne. In gudun iska ya ninka biyu, turin da take yi wa bango yana ninka huɗu. Amma ga abin da ya kamata ku riƙe: a manyan masifun da tarihi ya rubuta, ba iska ce ta kashe mafi yawan mutane ba. Ruwa ne.

Ku gwada wannan a gida. Ku zuba ruwa cikin faranti, ku hura shi daga gefe guda. Za ku ga ya taru a ɗaya gefen har ya zube. Ku yi haka da ruwan da ke cikin randa, ba zai motsa sosai ba, don yana da zurfin da zai koma ciki. Haka guguwa ke yi wa teku. Tana tura ruwa gabanta awa da awoyi. In ta iso inda teku ba shi da zurfi, ruwan ba shi da wurin zuwa sai tudu. Ruwa kuwa yana da nauyi. Ganga biyar ta lita 200 nauyinta tan guda ne, daidai da buhu goma na hatsi. To, ku auna ruwan da ya fi soro tsawo, faɗinsa ya wuce inda ido ke gani, yana tafe da gudu, yana ɗauke da itatuwa da jiragen ruwa. Wane gini ne na laka ko na kara zai tsaya gabansa?

Ƙasar laka da shinkafa

A 1970 babu ƙasa mai suna Bangaladash. Pakistan ta Gabas ake ce mata. Da Ingila ta bar Indiya a 1947, an haɗa yankuna biyu na Musulmi aka yi ƙasa ɗaya, Pakistan, ko da yake akwai kilomita kamar 1,600 na ƙasar Indiya tsakaninsu. Mulki da soja suna hannun mutanen yamma. Yawan jama'a kuwa yana gabas. Ƙasarmu ta ninka Pakistan ta Gabas girma fiye da sau takwas, amma mutanenta a lokacin sun haura miliyan 60.

A nan ne manyan koguna uku, Ganjis da Barahmaputra da Megna, suke haɗuwa su zuba cikin tekun Bangal. Kowace shekara suna kawo laka daga duwatsun Himalaya, su jibge ta a bakin teku. Lakar nan takan taru ta zama tsibiri. Tsibirin da ya fito yau, bayan ƴan shekaru ruwa na iya cinye shi. Tsawonsu bisa ruwan teku bai wuce mita ɗaya zuwa uku ba. Babu dutse, babu tudu, ko jigawa babu. Za ku ce, to me ya kai mutane can? Abin da ke kai manomi fadama, ko da ya san gulbi na iya cika. Ƙasar tana da albarka, shinkafa na yi, kifi na nan, talakan da ba shi da gona a tudu kuwa ba shi da zaɓi. Bola shi ne babba cikin tsibiran, shi ya sa guguwar ta ci sunansa. Kusa da shi akwai Hatiya da Manpura da wasu ƙanana masu yawa.

Shi kuma tekun Bangal siffarsa kamar mazurari take: faɗi a kudu, yana tsukewa zuwa arewa, kuma ba shi da zurfi kusa da gaɓa. Duk ruwan da guguwa ta turo daga kudu, a bakin kogin Megna yake matsewa. Ba a 1970 aka fara ba. A ƙarshen Oktoba 1876, zamanin mulkin Ingila, guguwa ta faɗa wa wannan wuri. Kimanin mutum 100,000 suka nutse, wasu kamar haka kuma kwalara da yunwa suka kashe su daga baya.

Guguwar 1970 ta soma taruwa a tsakiyar teku ran 8 ga Nuwamba, ta yi ta tafiya arewa tana ƙara ƙarfi, har gudun iskarta ya kai kilomita 185 a awa. Abubuwa uku suka haɗu suka sa ta zama abin da ta zama.

Na farko, lokacin da ta iso. Mu da ba mu zauna bakin teku ba, sai an gaya mana cewa teku yana cika yana janyewa sau biyu kowace rana, kuma wata ne ke jan sa. Cikar ta fi yawa sa'ad da wata ya yi sabo da sa'ad da ya cika. Daren nan kuwa tsakiyar watan azumi ne, wata ya kusa cika, kuma guguwar ta iso daidai lokacin da teku ke cike. Ruwan da ta turo ya hau bisa wanda ke nan. A wasu wurare tsawonsa ya kai mita 6, a wasu ya kusa mita 10. Cikin dare ne, mutane sun sha ruwa sun kwanta.

Sannan lokacin girbin shinkafa ne. Dubban ƴan ƙwadago sun zo daga arewacin ƙasar, kamar yadda namu ke tafiya cin rani, suna kwana cikin bukkoki a bakin gonaki. Ba su san wurin ba, ba wanda ya rubuta sunayensu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa har yau ƙidayar mamatan take tsakanin 300,000 da 500,000.

Abu na uku shi ya fi ciwo, domin na ɗan Adam ne. Masana yanayi sun ga guguwar tana zuwa. Rediyon ƙasar ya yi shela ran 12 ga wata cewa akwai babban haɗari. Amma talakan tsibiri nawa ke da rediyo? Waɗanda suka ji kuma, da yawa ba su gane ba. Sun saba a ba su gargaɗi da lamba, ran nan aka faɗa musu da wasu kalmomi da ba su saba ji ba. Ga shi kuma a watan Oktoba an yi irin wannan shela, guguwa ta zo ba ta yi ɓarna mai yawa ba, sai mutane suka ɗauka wannan ma haka za ta wuce. Wanda ya ji, ya gane, ya kuma yarda, ina zai gudu? Gine-ginen fakewa da ke duk bakin tekun ƴan kaɗan ne. A ganina, gargaɗin da ba a gane ba, kuma ba a nuna wa mutum inda zai nufa ba, da shi da babu duk ɗaya.

A gundumar Tazumuddin, cikin tsibirin Bola, akwai mutum 167,000. Kusan rabinsu suka mutu a daren. Wasu ƙananan tsibirai ba a samu mai rai ko ɗaya ba. Cikin masunta 77,000 na bakin gaɓa, kimanin 46,000 suka tafi.

Bayan kimanin wata uku, likitoci biyu, Alfred Sommer da Henry Mosley, suka bi ƙauyuka suna tambaya gida gida, wa ya mutu, wa ya tsira. Abin da suka samu ya nuna yadda ruwan ya zaɓi mutane. Yara ƴan ƙasa da shekara goma su ne kashi ɗaya cikin uku na jama'a, amma sun fi rabin mamatan. Tsofaffi sun mutu da yawa, mata sun fi maza mutuwa. Waɗanda suka fi tsira su ne maza masu ƙarfi. Likitocin sun ga wani irin rauni a jikin waɗanda suka tsira: fatar ƙirji da ta hannuwa da ta cinyoyi duk ta saɓule. Dalili kuwa, sun rungumi itacen kwakwa ko na dabino ne har gari ya waye, ruwa na jan su, iska na dukan su. Wanda hannunsa ya gaji, ya tafi. Uwa mai goyo a baya da yaro a hannu, da me za ta riƙe itace?

Abin da ya biyo baya

Shugaban Pakistan na lokacin soja ne, Janar Yahaya Khan. Yana dawowa daga ziyara a ƙasar Sin, ya tsaya a Daka, ya zaga bisa wurin cikin jirgin sama, ya wuce yamma. Kwanaki suka shuɗe gawawwaki na kwance, waɗanda suka tsira ba ruwan sha, ba abinci, don ruwan gishiri ya cika tabkuna ya lalatar da shinkafa. Jaridu da shugabannin gabas suka zargi gwamnati da sakaci. Mutane suka ga agajin ƙasashen waje yana isowa, na gwamnatinsu yana jan ƙafa.

Ba guguwa ce ta haifi ɓacin ran ba. Tun 1952 an harbe ɗalibai a Daka saboda sun nemi a girmama harshensu, Bangali, kuma mutanen gabas sun daɗe suna kukan cewa kuɗin ramar da suke nomawa a yamma ake kashe shi. Amma guguwar ta zo ana saura makonni a yi zaɓe. Ran 7 ga Disamba 1970 aka jefa ƙuri'a, yankunan da ruwa ya ci suka yi nasu a Janairu. Jam'iyyar Awami ta Sheikh Mujibur Rahman ta ci kujera 160 cikin 162 na gabas, abin da ya ba ta rinjaye a majalisar ƙasa duka. Aka ƙi miƙa mata mulki. A daren 25 ga Maris 1971 soja suka faɗa wa Daka, yaƙi ya ɓarke, Indiya ta shiga daga baya, ran 16 ga Disamba 1971 sojan Pakistan suka ajiye makamai. Wata goma sha uku bayan guguwar, Bangaladash ta tsaya da ƙafarta.

Kada ku ɗauka ƙasashen talakawa kaɗai ruwan teku ke ci. Ran 8 ga Satumba 1900 guguwa ta faɗa wa Galbeston, birni mai arziki a jihar Teksas ta Amurka, wanda shi ma bisa tsibiri yake. Wuri mafi tudu a garin bai kai mita 3 ba, ruwa ya hau fiye da mita 4 da rabi. Tsakanin mutum 6,000 da 12,000 suka mutu. A nan akwai abin da ya shafe mu. Hadarin da ke taso mana daga gabas da damina, ya zuba ruwa ya wuce yamma, ba duka ke mutuwa a hanya ba. Wani yakan ratsa Mali da Senegal ya faɗa tekun Atlantika, in ya tarar da ruwa mai ɗumi ya girma ya zama guguwa. Mafi yawan manyan guguwoyin da ke kai wa Amurka da tsibiran Karibiyan daga irin wannan hadari suke farawa, kuma masana na ganin ta Galbeston ma daga gaɓar Afirka ta taso. Wani masani Ba'amurke, William Gray, ya lura cewa a shekarun farin da muka sha, daga 1970 zuwa wajen 1987, manyan guguwoyin Atlantika sun ragu. Shekarun da rumbunanmu suka bushe, su can sun samu sauƙi.

Mutanen Galbeston suna da kuɗi. Suka gina katangar siminti mai tsawon mita 5 a bakin teku, suka ɗaga gidaje fiye da 2,000 suka cika ƙarƙashinsu da yashi. Bangaladash ba ta da wannan hali, bakin tekunta kuwa ɗaruruwan kilomita ne na laka da rassan koguna. Sai ta bi wata hanya. A 1972 ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj ta kafa shirin tanadin guguwa, gwamnati ta shiga ciki a 1973. Ƙashin bayan shirin shi ne ƴan sa-kai, mutanen ƙauyen da kansu: manomi, masunci, malamin makaranta. In labari ya zo daga Daka ta rediyo, su ke ɗaukarsa. Su kafa tuta, ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon girman haɗarin, abin da ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Su hau keke da lasifikar hannu su bi gida gida suna faɗa da harshen da mutane ke ji. Aka kuma shiga gina ɗakunan fakewa na siminti bisa dogayen ginshiƙai, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Sauran kwanakin shekara, da yawansu makarantu ne.

Abin bai yi daidai nan da nan ba. Ran 29 ga Afrilu 1991 wata guguwa ta faɗa wa yankin Citagon cikin dare, ta kashe kimanin mutum 138,000. Ɗakunan fakewa ba su isa ba. Wasu sun ji gargaɗi sun ƙi tashi, don tsoron ɓarayi, ko don ba za su bar shanunsu ba. Wanda ya taɓa kiwo ba zai yi musu dariya ba. Mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba: wata tana jiran mijinta ya dawo ya ba ta izinin fita, wata ba a koya mata iyo ba, wata dogon zanenta ya naɗe ta cikin ruwa. Daga nan aka ƙara gine-ginen, aka yi tudun ƙasa inda za a kai dabbobi, aka ɗauki mata cikin ƴan sa-kai don su shiga gidaje su fito da ƴan'uwansu.

Da Sidir ta zo ran 15 ga Nuwamba 2007, ƴan sa-kai sun haura 40,000, kuma an kwashe mutane masu ɗimbin yawa kafin ta iso. Gaskiya, an kuma yi sa'a: ba ta tarar da teku a cike ba, kuma ta fara dukan dajin Sundarban, wanda itatuwansa ke tsirowa cikin ruwan gishiri suna rage ƙarfin igiya. Amma ku dubi maƙwabciyarta. Wata shida bayan Sidir, a farkon Mayu 2008, guguwar Nargis ta faɗa wa bakin kogin Irawadi a ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanmar. Ƙasa iri ɗaya ce, laka da shinkafa. Babu ɗakunan fakewa, babu masu kai gargaɗi ƙauye, gwamnatin soja kuma ta tsare masu agaji na waje a bakin iyaka har makonni. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun kai 138,000. A Mayu 2020 kuwa, da guguwar Amfan ta nufo Bangaladash, an kwashe mutum fiye da miliyan biyu zuwa wuraren fakewa, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Akwai ruwa na biyu da guguwa ke kawowa, shi ne na sama. Inda akwai duwatsu, shi ke kisa. A 1998 guguwar Mic ta tsaya kwanaki tana zuba ruwa bisa Honduras da Nikaraguwa, duwatsu suka zaftare bisa ƙauyuka, mutum fiye da 11,000 suka mutu. A Maris 2019 Idai ta yi haka a Muzambik da Zimbabuwe da Malawi, ta kashe fiye da 1,000.

Ɗakin fakewa yana ceton rai, amma ba ya ceton gona. A kudancin Bangaladash akwai madatsai na ƙasa da aka soma ginawa tun shekarun 1960 don tsare gonaki daga cikar teku ta yau da kullum. A Mayu 2009 guguwar Aila, wadda ba ta cikin masu ƙarfi, ta fasa su a wurare da yawa a yankin Kulna da Satkira. Waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 200 ba. Amma ta wuraren da suka fashe, ruwan gishiri ya riƙa shiga ƙauyuka yana fita sau biyu kowace rana, a wasu wurare har kusan shekara biyu kafin a toshe. Iyalai suka zauna cikin bukkoki bisa abin da ya rage na madatsan, suna sayen ruwan sha daga nesa. Gonakin da gishiri ya shiga suka yi shekaru ba su ba da shinkafa ba, magidanta da yawa suka bar su suka tafi Kulna da Daka neman aikin lebura da tuƙa keken haya.